Darasi: Kashin Kaji a Matsayin Taki ga Lambu da Shukar Gida a Mabera

Unguwar Mabera, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, tana daga cikin unguwannin da jama'a suka fi cika a birnin Sakkwato, kuma da wuya a bi layi guda ba a tarar da gidan da ke da akurki ba, ko na kajin Hausa da ake saki su yi tono a tsakar gida, ko na kajin gidan gona da mata da matasa ke reno domin kasuwar salla. A irin waɗannan gidaje akan ga zogale a bayan ɗaki, da gwanda ko lemun tsami kusa da wurin wanke-wanke, da alayyafo ko rama a cikin tsohon buhu, wasu kuma suna jera furannin ado a tukwane a bakin ƙofa. Abin da ake sharowa daga akurkin shi ne abincin da shukar ke nema, amma sau da yawa bola ake kai shi, ko kuma a zuba shi ɗanye a gindin shuka ta ƙone, mai ita ya yanke cewa kashin kaji mugun taki ne. Darasin nan yana bayani a kan abin da kashin ya ƙunsa, da dalilin da ya sa yake kisa idan aka yi masa gaggawa, da yadda ake sarrafa shi a gida mai ƙaramin fili.

Bukatar taki a wannan yanki ta samo asali daga yanayin ƙasar kanta. In ban da fadamun da ke bin gulbin Rima da gulbin Sakkwato, irin su Kwalkwalawa da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yawancin ƙasar birnin da kewayensa jigawa ce mai yashi, wadda ruwa ke wucewa ta cikinta da sauri yana tafiya da abincin shuka. Ruwan sama a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukkansa kuma tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, sannan a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Wannan zafi yana cinye ruɓin ƙasa, wato baƙin garin da ke samuwa idan ganye da saiwoyi da kashin dabbobi suka ruɓe suka haɗe da ƙasa, har ya zama a yawancin gonakin tudu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Takin zamani yana ciyar da shuka amma ba ya mayar da ruɓin nan, ga shi kuma ya yi tsada: a ƙarƙashin shirin taki na shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 an sayar da buhu a kan naira 5,500, amma daga 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya girgiza kasuwar taki ta duniya, farashin ya ninka haka sau da dama. Kai taki gona kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin tun da daɗewa jakuna ke fitar da mangalar shara da toka da kashin awaki daga birane zuwa gonakin kewaye, abin da masanin nan Michael Mortimore ya yi nazarinsa a karkarar Kano tun shekarun 1960. Sabon abu shi ne yawan kajin gidan gona, waɗanda kashinsu ya fi na awaki da shanu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da ke cikin kashin kaji

Kaza ba ta yin fitsari daban kamar akuya ko saniya, kashi da fitsari duk ta mafita ɗaya suke fitowa a haɗe, kuma farin abin da ake gani a saman kashin shi ne fitsarin, wanda ya ƙunshi sinadarin yurik mai ɗauke da naitirojin da yawa. Naitirojin shi ne sinadarin da ke sa ganye ya yi kore ya yi faɗi, kuma shi ne harafin N da ke jikin buhun NPK, yayin da P ke nufin fosfaros, mai taimakon saiwa da fure da ƙwaya, K kuma fotasiyam, mai ƙarfafa kara da juriyar ƙishi da cuta. Ɗanyen kashin kaji kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, amma idan ya bushe akan samu naitirojin kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100, fosfaros kashi 2 zuwa 3, fotasiyam kuma wajen kashi 2, wato naitirojin ɗinsa ya ninka na kashin shanu sau biyu ko fiye. Kazar ƙwai guda tana yin abin da ya kai giram 100 ko ɗan fiye a yini, saboda haka kaji 50 za su tara kimanin kilo 150 na ɗanye a wata, wanda idan ya bushe bai fi buhu guda ba.

Yana da kyau mai karatu ya gwada wannan da yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kuma kafin a samu haka daga busasshen kashin kaji mai kashi 3 cikin 100 sai an tara fiye da kilo 750, ga shi kuma kusan rabinsa ne kawai shuka za ta iya sha a shekarar farko, sauran sai a hankali. Don haka masu cewa kashin kaji ya maye gurbin takin zamani a babbar gonar gero ko shinkafa sun yi zuƙu a magana. Inda yake da rinjaye shi ne ƙaramin fili, fangalin lambu da gindin bishiya da tukunya, inda ɗan kaɗan ke isa, inda kuma gyaran jikin ƙasa ya fi komai muhimmanci. Fosfaros ɗinsa ma abin so ne, domin ƙasar yankin tana ƙarancinsa, duk da cewa akwai dutsen fosfat kwance a ƙarƙashin ƙasa a wajen Dange.

Ba duk kashin kaji ne iri ɗaya ba. Na kajin ƙwai da ke cikin keji zalla ne, mai jiƙa da wari, kuma yana da kalsiyam da yawa saboda garin farar ƙasa ko ɓawon kawa da ake sa musu a abinci domin ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Na kajin nama yakan zo gauraye da shimfiɗarsu ta dusar katako ko ɓuntun shinkafa, shi ya sa ya fi sauƙin sarrafawa. Na kajin Hausa, da ake sharowa tare da yashi da gashi da ƙaiƙayi, ya fi su rauni, na tantabara kuwa ya fi su duka zafi. Mai sayen buhu ya kamata ya zura hannu har ƙasa ya damƙo, domin nauyin buhu sau da yawa nauyin yashi ne.

Dalilin da ya sa ɗanye ke ƙona shuka

Da zarar danshi ya taɓa kashin, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan fara farfasa sinadarin yurik, su mayar da shi amoniya, wato iskar nan mai yaji da ke sa hawaye idan aka shiga ɗakin kaji da aka daɗe ba a share ba. Amoniya tana ƙona ƙananan gashin saiwa da shuka ke shan ruwa da su, tana kuma hana iri tsira, kuma yawan fitarta yana ƙaruwa da zafi, abin da ya sa ɓarnar da ɗanyen taki ke yi a bazarar Sakkwato ta fi wadda yake yi a ƙasashe masu sanyi. Warin nan kansa asara ne, domin duk abin da hanci ya shaƙa naitirojin ne da ya tsere sama maimakon ya shiga ƙasa, kuma kashin da aka bari a fili yana iya rasa rabin naitirojin ɗinsa ta wannan hanya.

Illa ta biyu gishiri ce. A ilimin ƙasa, gishiri ba na miya kaɗai ake nufi ba, ana nufin duk sinadaran da ke narkewa a ruwa, kuma kashin kaji cike yake da su. Ruwa yana da ɗabi'ar barin inda gishiri ya yi kaɗan ya nufi inda ya yi yawa, kamar yadda yankakken tumatir ke tsatsafo da ruwa idan aka barbaɗa masa gishiri, saboda haka idan ƙasar da ke kewaye da saiwa ta fi cikin saiwar gishiri, sai ruwa ya riƙa fita daga shukar maimakon shiga. Alamar haka ita ce a ga shuka ta yi yaushi da sassafe alhali ƙasarta a jiƙe take, gefen ganyenta ya bushe ya yi ja kamar an kara masa wuta, saman ƙasar ko bakin tukunyar kuma ya yi farin ɓawo, idan aka tono saiwar a same ta ta yi baƙi ta yi laushi. Wanda bai san dalili ba yakan zaci yunwa ce ta kama shukar, ya ƙara mata taki, ya ƙarasa ta. Abin da ya dace shi ne a kwashe takin da ke sama, a yi ta kwarara ruwa mai yawa har ya riƙa fita ta ƙasan tukunyar, a maimaita haka kwana biyu ko uku, a kuma janye ta zuwa inuwa.

Akwai wani kuskure da ya fi yawa a wuri mai rana irin Sakkwato, wato ɗaukar busasshen kashi a matsayin ruɓaɓɓe. Idan aka baza kashin kaji a rana a watan Maris, cikin kwana biyu zai bushe ƙarau, warinsa ya ragu, ya riƙa marmashewa a hannu, mai shi ya ɗauka ya nuna. Alhali kuwa babu abin da ya faru sai tsayawar aiki: ƙananan halittun sun rasa ruwa sun dakata, sinadarin yurik da gishirin duk suna nan daram, kuma ranar da aka zuba shi a fangali aka yi ban-ruwa, a ranar ruɓewar za ta tashi daga inda ta tsaya, a daidai bakin saiwa, da amoniyarta da zafinta. Yawancin buhunan da ake saye daga gidajen gona irin wannan ne. Busarwa tana da amfaninta wajen ajiya da sauƙin ɗauka, amma ba ta ɗauke wa kowa wahalar ruɓarwa.

Yadda ake ruɓar da shi

Ruɓarwa ita ce a bar ƙananan halittun nan su gama aikinsu a wani wuri daban, nesa da shuka, a cikin yanayin da zai sa su riƙe naitirojin a jikinsu maimakon su sake shi ya tashi. Suna bukatar abinci iri biyu, naitirojin da kabon, shi kabon kuwa shi ne abin da ya fi yawa a busasshen kara da ganye da katako. Ma'aunin da ya fi dacewa da su shi ne kabon 25 zuwa 30 a kan naitirojin 1, kashin kaji zalla kuwa bai wuce 10 a kan 1 ba, wato naitirojin ya yi musu yawa, rarar kuma ita ce ke zama amoniya. Maganin abin shi ne a haɗa shi da busassun abubuwa, waɗanda ba su da wuyar samu a Mabera: ɓuntun shinkafa daga wurin masu injin casa, dusar katako daga wurin kafintoci, ɓawon gyaɗa, yankakken karan gero ko na dawa, da ganyen mangwaro da na darbejiya da ake sharewa ana ƙonawa kullum. Ga kashi zalla, baro ɗaya nasa yana son baro biyu na busasshen abu, wanda ya zo da shimfiɗarsa kuwa baro ɗaya ya ishe shi, wani lokaci ma ba ya bukatar ƙari. Dusar katako tana da kabon da ya haura 200 a kan 1, don haka kaɗan ake sa ta, in ba haka ba tarin zai daɗe bai nuna ba.

Ana zaɓar wuri mai inuwa, a fara shimfiɗa kara a ƙasa kaurin tafin hannu domin iska ta samu hanya, a zuba busasshen abu, a bi shi da kashin, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa hawa-hawa har tarin ya kai kimanin mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, domin wanda bai kai haka ba ba ya riƙe zafi. Ana gane daidaiton ruwan ta hanyar damƙa: idan aka matse shi a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, ya yi, idan ya wargaje ya bushe da yawa, idan ruwa ya zubo kuma ya jiƙe da yawa, sai a ƙara ɓuntu. Cikin kwana biyu ko uku tsakiyar tarin za ta ɗau zafi har digiri 55 zuwa 65, wanda shi ne zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙuda da irin ciyawa. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya soka guntun rodi har tsakiya ya bar shi na ɗan lokaci, idan ya zaro shi ya ji ba ya iya riƙe bakin a hannu, ga kuma danshi a jikinsa, to aiki na tafiya. Rodi mai sanyi da bushewa yana nuna ƙarancin ruwa, mai sanyi da jiƙa da ɗoyi kuma yana nuna iska ce ba ta shiga.

Juyawa ana yin ta sau ɗaya a mako a watan farko, a mayar da na gefe tsakiya, na tsakiya gefe, domin kowane ɓangare ya ɗanɗana zafin, daga nan sai a koma bayan kowane mako biyu. Littattafan da aka rubuta a ƙasashe masu yawan ruwa sun fi gargaɗi a kan jiƙewar tari, amma a Sakkwato bushewa ce babbar matsala, musamman a hunturu, lokacin da iska ke iya busar da tari cikin 'yan kwanaki ya tsaya cak. Saboda haka a rani gara a yi shi a cikin rami mai zurfin rabin mita, a rufe da tsohon zana ko buhunan algarara, a kuma yayyafa ruwa a duk juyi. Ruwan wankin shinkafa da na wanke ganye da na alwala duk sun wadatar, ba sai an sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa ba, amma ban da ruwan omo da na bilic. Toka ma a raba ta da tarin, ko da yake al'ada ce a share murhu da akurki a tara wuri ɗaya, domin toka tana da kaifi irin na kanwa, kuma haɗuwarta da kashin kaji tana korar amoniya nan take. Idan ana son amfaninta sai a barbaɗa ta a ƙasa daban. Gara idan ta shiga ba abin tashin hankali ba ce matuƙar tarin yana nesa da azara da ƙofofi, gwazarma kuwa a tsince ta a jefa wa kaji kafin a kai takin tukunya.

Tarin da aka kula da shi yakan nuna cikin mako 8 zuwa 12: ya ragu zuwa kusan rabi, ya yi baƙi-baƙi, ya huce ko an juya shi, warin akurki ya tafi ya bar ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gidan da kajinsa ba su fi goma ba ba zai iya tara mita guda ba, sai ya yi amfani da rabin duro da aka huhhuda ko buhu, yana zubawa yana rufewa da busasshen ganye, amma da yake irin wannan ba ya zafi sosai, sai an ba shi wata 4 zuwa 6. Lissafin lokaci kuwa daga ranar bukata ake faro shi a komo baya: takin da za a sa wa albasa da latas da tumatir a Nuwamba a watan Agusta ake haɗa shi, na damina kuma a Maris.

Ruwa, rijiya da lafiya

Mabera ta yi suna wajen kwanciyar ruwa da damina, inda layuka da gidaje kan cika bayan ruwa mai ƙarfi, kuma wannan ya sauya hukuncin ramin da aka ambata a sama. Ramin taki a watan Agusta tafki ne na ƙazanta, wanda zai malala tsakar gida ya kuma tsiyaya zuwa rijiya. Ɗanyen kashin kaji yana iya ɗaukar ƙwayoyin salmonela da kamfilobakta, masu haddasa gudawa da zazzaɓi, naitirojin ɗinsa kuma yakan rikiɗe ya zama naitiret, wanda ke bin ruwa cikin yashi ba tare da wani abu ya tare shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita, domin abin da ya wuce haka yana iya hana jinin jariri ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Saboda haka tarin damina a kan tudu ake yin sa, bisa dakali ko jeren bulo, a rufe samansa da leda a bar gefe yana shan iska, a kuma kai shi kusurwar da ta fi nisa da rijiya. Mai juya taki ya ɗaure hancinsa da takunkumi ko ƙyalle saboda ƙura, ya wanke hannu da sabulu, a kuma hana yara wasa a wurin.

Ganyen da ake ci ɗanye, irin su latas da kabeji da karas na kwaɗo, shi ya fi haɗari. Ƙa'idar noma ba da sinadari ba ta Amurka ta shardanta kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, latas kuwa ba ya kai haka a fangali, wanda ke nufin ba shi da taki sai ruɓaɓɓe. Murar tsuntsaye ma tana yaɗuwa ta kashin kaji. An fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, ta sake ɓulla a 2015 da 2021, kuma buhun taki daga gidan gonar da kaji ke mutuwa yana iya kawo ta har akurkin gida. Irin wannan taki ba a saye, ba a karɓa ko kyauta ne, sai dai a sanar da jami'an lafiyar dabbobi. Ta fuskar tsarki kuwa, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, in ban da wadda ke cin najasa, saboda haka hukuncin kajin da ke tsare suna cin dusa ya bambanta da na masu yawo a kwata, abin da mai aiki da tufafin da zai yi salla da su ya kamata ya lura da shi.

Awo

A lambu, abin da malaman gona suka fi ba da shawara shi ne tan 5 zuwa 10 a hekta, wanda idan aka rarraba ya zama rabin kilo zuwa kilo ɗaya a kowane murabba'in mita, wato fangali mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 zai ci kilo 1 zuwa 2. Ana cuɗa shi da ƙasa zurfin tafin hannu, a ba shi ruwa, a jira mako guda ko biyu kafin dashe. Alayyafo da rama da masara suna son sa da yawa, amma tumatir da barkono idan ya yi musu yawa sai su tafi ganye su bar 'ya'ya, albasa kuma ta yi kaurin wuya ta ƙi ajiya, wanda asara ce babba ga mai niyyar riƙe ta har farashi ya tashi. Ga bishiya, ba a jingina taki da gindi, ana tona ɗan zobe ne a daidai inda inuwar rassa ta ƙare, domin a nan ƙananan saiwoyi suke, a zuba a rufe. Inda takin ya yi kaɗan, dabarar tassa da manoman jihar Tawa a Nijar suka farfaɗo da mataccen fako da ita ta isa koyi: ƙaramin rami, damƙi ɗaya ko biyu na taki, a shuka a ciki.

Tukunya da buhu da leda suna da nasu hukunci, domin a gona gishiri yana da inda zai tafi, a tukunya kuwa ba shi da shi, kuma kullum rana tana ɗauke ruwa tana barin gishirin a baya. Kada ruɓaɓɓen takin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na haɗin, sauran ya zama ƙasa da yashi da ɓuntu, kuma dole ƙasan mazubin ya kasance da huda. Bayan shuka ta kama, cokali biyu ko uku a gefen tukunya sau ɗaya a wata ya isa. Akwai kuma jiƙo, inda ake ɗaure awo ɗaya na ruɓaɓɓen taki a buhu a tsoma cikin awo 10 na ruwa na 'yan kwanaki, sannan a sirka har launinsa ya yi fatsi-fatsi, a zuba a ƙasa da yamma bayan an riga an yi ban-ruwa, ba a kan ganye ba.

Iyakar wannan taka-tsantsan ana ganin ta a furannin da ake kira okid, dangi mai nau'i kusan 28,000 a duniya, wanda banila ma daga cikinsa take, wanda kuma a dazuzzukan ƙasar nan akwai irinsa mai rawayan fure da ɗige-ɗige da Hausawa ke kira manta-uwa. Yawancin waɗanda ake sayarwa domin ado a kan rassan bishiya suke rayuwa a asalinsu, saiwoyinsu a sarari, lulluɓe da wani farin soso da ke tsotse duk ruwan da ya taɓa shi tare da gishirin da ke ciki. Shi ya sa ba a dasa su a ƙasa, sai a gutsattsarin ɓawon itace ko gawayi ko ɓawon kwakwa, kuma garin taki, ko da ruɓaɓɓe ne, yana toshe ƙofofin iskar da ke tsakanin gutsattsarin ya ruɓar da saiwa. Wanda ya yi ƙarfin halin renon su a busasshiyar iskar Sakkwato, jiƙon da aka tace aka ninka sirkinsa kawai zai ba su, sa'ad da suke fitar da sabon ganye, yana kuma wanke mazubin da ruwa zalla tsakanin kowane zubi.

Aikin gwaji

Kafin a kai kowane taki ga shuka mai daraja, ɗalibi zai iya auna nunarsa da kansa. Ya samu gwangwani biyu ya huda ƙasansu, ya cika na farko da yashi zalla, na biyu da rabin yashi rabin taki, ya shuka ƙwayar wake 10 a kowanne, ya ajiye su a inuwa yana ba su ruwa daidai wa daida. Bayan mako guda ya ƙirga waɗanda suka tsira, ya tuge biyu daga kowane gwangwani ya gwada tsawon saiwarsu da launinta. Idan na takin sun kai 8 ko fiye, saiwarsu fara kuma doguwa kamar ta na yashin, takin ya nuna. Idan sun gaza haka, ko saiwar ta fito gajera mai jan baki, sai a mayar da tarin inuwa, a jiƙa shi, a juya, a sake gwajin bayan mako 3.